Sahabi Mai Hoton Shanu

Ranar Talata, 14 ga Maris 2017, a wurin allurar rigakafin dabbobi a Bungudu, Sahabi ya fara haɗuwa da Malam Haruna, malamin dabbobi. Sahabi manomi ne daga wata unguwa bayan Nahuce, ya zo da shanun huɗar gidansu guda biyu. Malam Haruna yana ɗaukar shanu hoto da wata ƙaramar kyamara, wadda ba ta kai tafin hannu ba. Hannunsa ya ɓaci da magani, sai ya miƙa wa Sahabi ya ci gaba da ɗauka. Da aka tashi, ya ga hotunan Sahabi sun fi nasa fita, ya ce ya tafi da ita aro. Bai sake tambayar ta ba.

A shekarun nan satar shanu ta yi yawa. In aka ga sa a wata kasuwa, mai shi ba ya da shaida sai rantsuwa. Sahabi ya shiga ɗaukar shanun unguwarsu ɗaya bayan ɗaya, yana wanko hotunan a Gusau. Ya gane farin sa ba ya ɗaukuwa da tsakar rana, haske yana cinye tabon jikinsa. Don haka sai da hantsi ko bayan la'asar, rana tana bayansa. Yakan taka da ƙafarsa ya matsa kusa maimakon ya jawo hoton daga nesa. Ya manne gwiwar hannu a haƙarƙari, ya danna maɓallin rabi har koren akwatin da ke gilashin kyamarar ya zauna a kan tsagar kunnen san, ya riƙe numfashi, sannan ya ƙarasa dannawa.

Yayansa Labbo ne ke riƙe masa igiya in za a ɗauki shanun gida. Kullum sai ya yi ƙorafi.

"To ni yaushe za a ɗauke ni? Ko sai na tsiro ƙaho?"

"Yaya, matsa gefe, kana tare mini wuyansa. Kai wa zai sace ka? Sai dai ya ɗauko wa kansa ciyarwa."

Labbo ya yi dariya ya matsa.

Ranar Alhamis, 8 ga Yuli 2021, 'yan bindiga suka sami Labbo a gona yana huɗa, suka kora shi da shanun biyu. Ba a kira kowa a waya ba. Bayan mako uku matarsa Asiya ta zo har ƙofar ɗakin Sahabi.

"Baban Rabi, an ce in kai hotonsa wajen 'yan sanda da asibiti. Duba mini mai kyau."

Sahabi ya zazzage jakar hotuna a tabarma. Ya sami Labbo a guda goma sha ɗaya. A bakwai hannunsa ne kawai da igiya. A huɗun da fuskarsa ta shigo, tana can gefe, dishi-dishi, kamar an shafa ta da jiƙaƙƙen yatsa, alhali gashin kunnen san ana iya ƙirga shi. Ya kai katin kyamarar Gusau aka buɗe a kwamfuta, aka ƙara girma. Mai shagon ya ce abin da kyamara ba ta kama ba, ba mai fito da shi.

Asiya ta ɗauki ɗaya, ta daɗe tana kallo. "Hularsa ce dai," ta ce, ta sa a cikin hijabi.

Bayan wata bakwai aka ga ɗaya daga cikin shanun a kara a Tsafe. Hoton da Sahabi ya ɗauka ya tabbatar da shi, tabo da tsaga duka, aka mayar musu. Hoton Labbo kuwa ya zaga wurare da dama, ba wanda ya ce ya gane shi.

A 2022 iyalin suka koma Gusau. Sahabi yana ɗaukar hoton fasfo a gefen tasha da kyamarar nan, yana ciyar da gida biyu. Ya ɗauki kowa na gidan, babba da yaro, fuska a fili, ya rubuta suna da kwanan wata a baya. Labbo har yau ba a ji labarinsa ba.