Kawu Tizhe da Furen da Ba Ya Cin Ƙasa

Duk wanda ya taɓa gaida Kawu Tizhe da safe a unguwar Yelwa ta Mubi ya san ba ya amsawa nan take. Ba girman kai ba ne, bakinsa ne cike da ruwa. Sai ya ɗaga maka gira, ya juya ga wani guntun icce da ya rataye a jikin mangwaro, puuu! ya fesa. Sannan ya ce, "Lafiya lau."

A jikin iccen nan abin yake. Ɗan tsiro ne, ganye biyar, saiwa a waje kamar tsutsa, ba ya taɓa ƙasa. Daga kurmin Gashaka ya saro shi da reshensa, lokacin da yake dako. Can yana farin fure mai ƙamshi. Da ya zo Mubi ya ƙi. Kawu ya rantse ba zai mutu ba sai tsiron ya sake yi.

Ranar ƙuri'ar zaɓen shiga Najeriya ko Kamaru, a goye ya kai shi layi, don akuyar gida ta sa masa ido. Malamin zaɓe ya ce, "Baba, mutum ɗaya ke shiga."

"Shi ma ɗan ƙasa ne."

"Icce ne fa!"

"To, in icce ne, me ya dame ka?"

Suka shiga tare. Da aka tambaye shi ina ya jefa, ya ce sun yi shawara, sirri ne.

Unguwa kuma ta ce kauci ne, kuma kaucin da ya rayu a busasshen icce ai maganin kasuwa ne. Maƙwabcinmu Ba Modu mai kifi ya zo roƙon ganye ɗaya. Kawu ya ce, "Biyar gare shi. Kai ma yatsa biyar gare ka. Ba ni ɗaya, in ba ka ɗaya." Ba Modu ya cusa hannu cikin riga ya fita.

Ni Zira, ɗan ƙanwarsa, ni na kusa kashe abin. Na dawo daga yaƙi da ƙafa ɗaya da rabi, ina zaune gidansa. Aka kwantar da shi a asibitin mishan, ya bar mini amana: ruwan mayo, wato kogi, ban da na rijiya, da baki, ban da ƙwarya. Na duba tsiron. Na san yunwa in na gan ta. Ba ƙasa, ba taki, da me zai yi fure? Na haƙa rami, na zuba kashin shanu, na binne shi kamar rogo. Kullum bokiti guda.

Kawu ya dawo, ya tone da hannunsa. Saiwa duk ta ruɓe, saura ɗaya.

"Zira, a soja me kake yi?"

"Harbi."

"Na gani."

Ƙirjinsa ba ƙarfi yanzu, sai ya sa ni fesawa. Tsohon soja yana tofa wa icce ruwa, mata na leƙe ta katanga suna dariya. Shi kuma yana zaune yana gyara: "Wannan tofi ne! Raɓa na ce!"

Damina ta uku wani siririn kara ya fito. Fure bakwai, fari fat, kowanne da 'yar jela. Da yamma ƙamshi ya cika gidan, har Ba Modu ya shigo ba sallama. Muka ɗauko Kawu a tabarma. Ya kai hanci, ya ja, ya sake ja.

"Zira, yaya yake?"

"Ba ka ji ba?"

"Hancin nan ya mutu tun ina saurayi. Garin taba ya cinye."

Kai! Na ce, "To duk wahalar nan fa?"

"Kai dai faɗa mini."

Na shaƙa. Na ce, "Da daɗi."

"Duk shekarun nan, da daɗi kawai? Ba Modu, zo ka gwada, wannan ba shi da baki."

Ba Modu ya rufe ido. Ya ce kamar ɗakin amarya a Barno, an buɗe kwalbar humra, ruwa kuma ya sauka a waje.

Kawu ya kwanta. Ya ce, "Yauwa. Haka na zata."

Bai kai girbi ba.

Ya Ubangiji, ka ba Kawu hutawa. Ka zaunar da shi inda inuwa take. In akwai lambu a wurinka, ka mayar masa da hancinsa. Amin.