Mai Facin Da Ya Gyara Hanya

Shekara talatin da huɗu Baba Mai Faci ya yi a rumfarsa, daidai inda hanyar burji ke karya kwana ta gangara bakin teku. Rumfar ba abin kallo ba ce: kwano huɗu, benci ɗaya, bahon ruwan da ake tsoma tayar ciki a ga inda take kumfa, sai famfon hannu da ya girmi rabin mutanen ƙauyen. Amma wurin da ya zaɓa, ko injiniya sai ya sara masa. Gangaren nan cike yake da tsakuwa mai kaifi, duk masuncin da ya ɗaura kwandon kifi a bayan keke ya hauro shi, to ko tayar gaba ko ta baya, ɗaya sai ta tsaya ta gaida Baba. Kullum yana tsine wa hanyar, wai hukuma ta manta da su, alhali da tsakuwar nan ya aurar da ƙannensa biyu, ya kuma kai 'yarsa makarantar jinya har ta gama.

Wannan 'yar ce ta zame masa alaƙaƙai. Tun da mahaifiyarta ta rasu ta sa shi gaba, ita da mijinta, kan ya rufe rumfa ya dawo birni, sun gyara masa ɗaki mai fanka da banɗaki a ciki. Sau ɗaya Baba ya je ganin ɗakin. Tagarsa bangon maƙwabci take kallo, kwana biyu ya yi ya gudo da ciwon kai. Tsoron ɗakin nan yake ji, tsoro na gaske, ko da yake bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ga babura sun fara cinye kekuna, aiki ya ja baya, hujjarsa ta zama a ƙauye tana ƙarewa.

Ana nan, wata Asabar da hantsi, sai ga wasu mutane bakwai sun gangaro a kan kekuna. Manya ne fa, har da mai furfura, amma kowa ya matse jikinsa cikin wando kamar an zuba shi, ga hular kwano, ga baƙin tabarau. Mutanen birni ne, masu motoci a gida, waɗanda daɗi ya ishe su har suka fito neman wahala da ƙafarsu. Jagorarsu wata mata ce da ta maƙala waya a kan keken tana zana taswira. Ta cire hula ta gaida Baba, ta ce ƙungiyarsu na haɗa hanyoyin da za a riƙa bi daga gonaki zuwa gaɓar teku. Duk hanyar da ta shiga taswirar, mahaya ɗari ko fiye za su bi ta kowane ƙarshen mako, kuma suna buƙatar wurin shan ruwa da gyara.

“Nan da mako biyu za mu dawo da shugabanninmu su gani,” in ji ta. “Baba, hanyar nan taku ta yi. Wallahi ta yi!”

Baba ya yi murmushi. Ya san irin wannan magana. Haka baƙo mai tarbiyya yake yaba abincin da ya ƙone.

A ranar ya kira 'yarsa, suka yanke magana: in hanyar ta shiga taswira, a ƙyale shi da rumfarsa har iyakar ransa. In ba ta shiga ba, zai tattara ya taho, ba gardama.

“Ka yi alkawari fa, Baba.”

“Na yi, uwata. Ke dai ki fara neman wanda za ki sa a ɗakin.”

Daga nan kunya ta kama shi. Manyan baƙi za su zo, a kan wannan hanya? A garinsu in baƙo zai zo, tsakar gida ake sharewa a yayyafa ruwa, kuma ba a tambayar baƙo ko yana son shara. Bai tsaya ya tambayi kansa abin da ya fito da mai mota kan burji ba. Ya aro baro da shebur da manjagara, ya fara daga gindin gangaren. Masunta suka yi masa dariya kwana biyu, a na uku suka kama masa, don ba za a ce tsoho ya fi su kishin gari ba. Aka tsince tsakuwa aka tara a gefe, aka cike ramuka da jar ƙasa, aka yayyafa ruwa aka daɓe. Kwana goma sha biyu Baba yana sallah a zaune saboda ciwon baya. Hanyar da ta gagari hukuma shekara talatin ta kwanta sumul kamar daɓen ɗaki.

Ranar da baƙin za su zo ya sa rigarsa ta Juma'a, ya jera gorunan ruwa a kan benci. Suka ɓullo su ashirin, fiii, suka wuce shi kafin ya gama ɗaga hannu. Can sai ga mai taswira ta juyo ita kaɗai, fuskarta kamar an yi mata rasuwa.

“Baba, wa ya yi mana wannan ɗanyen aiki?”

“Ni ne, 'yata,” in ji shi, yana gyara wuyan riga. “Da 'yan taimako. Ai ba komai.”

“Ina tsakuwar? Ina gargadar?”

“Ga ta can a gefe. Ko ɗaya ba za ta taɓa muku taya ba.”

Sai ta yi masa bayani a hankali, yadda ake yi wa mara lafiya. Tsakuwar suke so. Ramukan suke so. Hanya mai santsi ai da ita suka kwana suka tashi a birni. Tayoyinsu ma wani ruwa ake ɗura musu, in ƙaya ta huda su toshe kansu. Ta ba shi haƙuri sosai, ta sha ruwansa, ta gode. A ƙarshe burtalin shanu suka sa a taswira, wanda ya bi ta bayan tudu, inda babu rumfa, babu inuwa, babu ɗan Adam. An ce sun yaba shi ƙwarai, mutum biyu ma sun karye a kai.

Baba bai kira 'yarsa ba. Ya zauna a bencinsa mako uku, ko taya ɗaya ba ta sace ba. Masunta su hauro da kifinsu a guje, su ɗaga masa hannu, su sa masa albarka, su wuce. Wata safiya baƙin ciki ya ci shi har ya tura baro wurin tarin tsakuwar, ya cika shi, da niyyar ya mayar da ita inda Allah ya ajiye ta. Yana riƙe da shebur sai ga wani masunci ya goyo matarsa mai tsohon ciki a keke, za su asibiti awon ciki.

“Sannu Baba! Har yanzu ba ka huta ba? Allah ya biya ka, yanzu ko jijjiga ba ta sha.”

Baba ya ce amin, ya juye baron a inda ya ɗebo.

'Yarsa kuwa ba sai an kira ta ba, taswirar tana cikin wayar mijinta. Ranar Lahadi suka iso har gidansa da ke gindin gangaren. Ta fito daga mota ta durƙusa ta gaida shi, ba ta ce masa ka gani ba, shi ma bai roƙi ƙarin kwana ba. Surukin ya ɗora akwati da tabarma a but ɗin mota, yana ta santin hanya, wai bai taɓa zaton motarsa za ta iya sauko wannan gangare ba.

Baba ya shiga baya ya zauna, ya juya yana kallon tekun ta gilashi. Da hanyar tana yadda take, da sai motar ta yi rabin sa'a tana rarrafe a tudun nan, ya samu ya kalli ruwan ya ƙoshi. Minti uku suka yi suka haye.