Jaki Mai Takalmi Huɗu

Har yau in aka ambaci Baba Basilla a layinmu, kafin a tuna da takalman da ya ɗinke sai an fara tuna ranar da yara talatin 'yan shekara huɗu suka ƙaryata shugabar makarantarsu a gaban baƙi. Shi kuwa a lokacin yana waje, jikin katangar makarantar, yana buga ƙusa a dunduniyar wani takalmi, bai san ya yi ɓarna ba.

Sabuwar shugaba ce, satinta biyu da kama aiki. Wasu iyaye sun haɗa hannu sun sayo wa ajin ƙanana sababbin littattafan hotuna, irin masu layuka bibbiyu, ƙarshen wannan ya amsa ƙarshen wancan. Aka jera wa iyayen kujeru a bayan aji, yara suka zauna a ƙasa, Shugaba ta gyara zaman tabarau ta ɗauki littafin da ke sama, na ɗan akuyan da ya hau rufi. Da ma makarantar tana da tsohon irinsa, yaran sun haddace shi kamar sunayensu. Tana farawa suka kama:

Ɗan akuya ya hau rufin ɗaki,
Ya leƙo ƙasa, ya buɗe baki.
Ya ce, "Inna, sama da daɗi,
Amma ina tsoron in faɗi."

Iyaye sai murmushi, kowa yana neman muryar nasa. Shugaba ta buɗe shafi na gaba ta karanta abin da ke gabanta: "Ya ƙi jin magana, ya yi tsalle, aka ɗaure ƙafarsa da farin ƙyalle." Ba wanda ya ji ta, domin ajin ya rufe ta da murya ɗaya, har da buga ƙafa sau huɗu:

Sai ga jaki da takalmi huɗu,
Ya zo a hankali, ba ya gudu.
Ya ce, "Tako bayana, ɗan ƙanena,
Mu je wurin Inna ka sha ka kwana."

Ta duba littafin, ta leƙa shafin baya. Babu jaki, balle takalmi. Hoton ɗan akuya ne kawai, kwance, ƙafa a naɗe. Ta sake karantawa da ƙarfi. Wani yaro mai kumatu a layin gaba ya ɗaga hannu cikin ladabi, kamar yadda aka koya masa, ya ce, "Anti, ba ki iya ba." Wata yarinya ta taso ta leƙa hoton, ta ga ƙafar, ta wage baki. Kuka kuwa a ajin ƙanana ba ya tsayawa kan mutum ɗaya.

Baba Basilla mai gyaran takalma ne. Sunan ya same shi ne saboda basillar ɗinkin da kullum take soke a hularsa, wadda yakan birkita akwatin aikinsa yana nema alhali tana kansa. Rumfarsa fallen kwano biyu ce a jingine da katangar makarantar, sai benci, sai ƙarfen da ake kifa takalmi a kai, da gwangwanin gam da ba ya rufuwa sai an taka. A aji biyar ya bar makaranta ya zauna gefen mahaifinsa yana koyon sana'ar, kuma a cewarsa duk littattafan da ya riƙe a lokacin ba mai hoto ko ɗaya, in ban da wani mai zanen ƙashin mutum wanda ya hana shi cin abinci kwana biyu. Ya yi aure, ya aurar da 'ya'ya huɗu da wannan basillar. Matarsa takan ce da ana biyan mutum don waƙar da yake yi yana aiki, da tuni sun yi bene. Ba shi da murya, shi ma ya sani, amma gudumarsa ba ta kuskuren kiɗa.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da wata malama ta kawo masa takalmin ɗalibarta da ya tsinke, da wani littafi a hammatarta yana zubar da shafuka. Ya gama da takalmin, ya miƙa hannu ya ce, "Kawo wancan ma, shi ya fi jin jiki." Ya huda bayansa wuri shida, ya ɗinke da zaren takalmi, ya shafa gam, ya zauna a kansa har aka tashi daga makaranta. Littafin nan yana nan har yanzu. Tun daga ranar, duk littafin da yara suka yi wa rauni wurinsa ake kaiwa, kuma bai taɓa karɓar komai a kansu ba. Ladansa shi ne ya karanta kafin ya ɗinke. Mun sha zuwa karɓar takalmi mu tarar da shi ya ɗora tabarau a kan hanci yana dariya shi kaɗai, takalmin namu yana nan yadda muka kawo shi.

Matsalar ita ce ɗan shekara huɗu ba yaga shafi kawai yake yi ba. Wani lokaci yakan ci shi. Littafi sai ya zo da giɓi, a juye aji duka ba a ga shafin ba. Baba Basilla kuwa ba ya iya mayar da takalmi da rami a tafinsa, haka bai iya mayar da labari da rami ba. Sai ya yanko kwalin takalmi daidai girman shafin, ya manna masa farar takarda, ya zauna yana gunaguni. Kowane layi sai ya gwada shi da guduma: in ya ƙare kafin bugu na huɗu, ya yi gajere; in ya wuce, sai ya datse shi kamar yadda yake datse roba. In ya koma gida ya karanta wa matarsa tana wanke-wanke. In ta ce, "Malam, wannan ya yi ɗingishi," ya sake.

Zanen ne ya fi ba shi wuya. Kai da jiki yakan yi su yadda za a gane, ya shafa musu launi da man takalmi, baƙi ko ruwan ƙasa, don su ne kawai yake da su. Amma kofato ya gagare shi. Duk wanda ya zana sai ya fito kamar kofin shayi. Shi ya sa ya koma ga abin da ya sani: duk dabbar da ta fito daga rumfarsa da takalmi take fita, har da igiya da ɗinkin gefe. Akwai agwagwarsa mai silifa. Akwai zakaransa mai kambas. Malamai sun sani, tsohuwar shugaba ma ta sani, ta kuma yi ritaya ba ta gaya wa magajiyarta ba.

Washegarin kukan, Shugaba ta sa aka kwaso tsofaffin littattafai aka zube a teburinta. Ashirin da uku ta samu masu shafin kwali. Ta aika maigadi ya kira shi. Ya shigo yana goge hannu a gaban rigarsa, ya tsaya a bakin ƙofa don kada ya ɓata mata dadduma.

"Baba, kai ka rubuta wannan?"

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"Ka san littafin nan yana da mai shi? Mutum ya zauna ya rubuta abinsa, sunansa yana bango. Kai kuma ka sa masa magana a baki, yara suna ɗauka tasa ce. Da wani ya ɗinke takalmi a karkace ya ce aikinka ne, za ka ji daɗi?"

Baba Basilla ya duba wannan magana ta ko'ina, bai ga inda ta yage ba. Ya ce, "Gaskiyarki."

Da a nan ta tsaya da an rabu lafiya. Amma wanda yaro mai kumatu ya ce wa bai iya karatu ba a gaban iyaye, fushinsa ba ya sauka a kwana ɗaya. Ta ce daga yau ba littafin da zai sake fita zuwa wurinsa, kuma ƙarshen wata ya cire rumfarsa daga jikin katangar makaranta.

Shekara ashirin yana wurin nan. Duk masu kawo masa aiki a hanyar kai yara da ɗauko su suke tsayawa, kuma mutum mai shekarunsa ba ya fara neman sabon bakin titi. Amma matarsa ta ce ba maganar rumfar ce ta fi damunsa ba. Yakan zauna gaban abinci ya ce, "Ko waye zai ɗinke na zakaran nan? Bayansa ya fara buɗewa." Kwanakin nan guduma tana bugawa, waƙa kuwa babu. Maigadi, wanda shekara da shekaru yake roƙonsa ya yi wa jama'a shiru, shi ne ya fara cewa layin ya yi wani iri.

A cikin makaranta kuma Shugaba ta kulle tsofaffin littattafan a kabad, ta ce a yi amfani da sababbi. Yara suka karɓi hukuncin, amma ba su bar maganar ƙafar ba. Kullum da safe sai an samu mai tambayar malamarsu, "Anti, ya warke?" Malama ta buɗe littafi, ƙafa tana nan a naɗe. Gobe ma haka. Wani uba ya zo ofis da kansa, ya ce shi bai san wane akuya ake magana ba, amma 'yarsa ta naɗe ƙafar ƙaninta da ɗankwalin uwarta ta hana shi tashi, don Allah a duba lamarin. Kafin sati uku, sababbin littattafan ma sun fara sakin shafuka. Shugaba ta gwada salatef. Yara suka gano ɓare shi ya fi karatun daɗi.

Saura kwana huɗu wata ya ƙare, ana tsakiyar darasi, Shugaba ta fito ƙofa da leda a hannu. Baba Basilla ya riga ya fara kwance fallen kwano ɗaya. Ta zauna a bencinsa, ta ciro takalminta ta miƙa masa. Ya juya shi, ya lanƙwasa, ya ƙwanƙwasa dunduniyar.

"Ranki ya daɗe, wannan lafiyarsa ƙalau."

"Ka dai duba."

"Na duba. Ya fi ni lafiya."

Ta karɓe, ta ɗan kalli titi. Sannan ta zaro sababbin littattafai shida daga ledar, na ɗan akuya a sama. Ta ce ta karanta shafukansa duka ashirin da ukun, kuma ba ta janye maganarta ba: abin wani na wani ne. Saboda haka duk shafin da ya ƙara, ya rubuta a ƙasansa cewa nasa ne, yadda kowa zai gani. Kuma in akwai shafin asali, ba a taɓa shi.

"Ban taɓa cire na kowa ba," in ji shi. "Inda babu nake sawa."

"Na lura." Ta buɗe shafin ƙarshe, inda ƙafar take a naɗe. "To, bayan wannan ma babu komai. Baba, ka yi wani abu game da ƙafar nan, yaran sun hana ni sakat. Kwanon kuma ka mayar da shi, rana tana dukan mutane."

Kwana biyu guduma tana gwaji. A na uku littafin ya koma aji da shafin kwali a ƙarshe, yana warin gam, a ƙasansa an rubuta da biro: Wannan na Baba Basilla ne. Shugaba da kanta ta karanta:

Jaki ya zo dubiya, ya same shi a farke,
Ya ce, "Miƙe mu gani." Ashe ta warke.

Mun ji ihun daga titi. Aka fito da tsohon littafin ma daga kabad, yanzu ajin yana da ɗan akuya biyu, wanda ya faɗo ya warke da wanda aka sauko da shi lafiya, kuma yaran ba su ga wani abin rikici a ciki ba.

Rumfa tana nan. Maigadi ya koma roƙon a yi wa jama'a shiru, kuma ba ya barin maganar ta kwanta. Ko jiya, ina zaune ina jiran takalmina, ya jingina da ƙofa ya ce, "Marubuci, ina kwana? Kai dai ka ji kunya. Mai littafi ya ce akuya ya faɗo, kai ka kawo jaki daga ina oho, ka sa yara suka kunyata Shugaba. Wa ya aike ka?"

Baba Basilla bai ɗago ba. Ya ja zare, ya datse da haƙori, ya ce, "Ni a kan rufi aka kawo mini shi, yana kiran uwarsa, an kuma kusa tashi daga makaranta. Kai da kake gadi, sai ka rufe ƙofa ka bar ɗan mutane a sama?"