Takardar da Malam Ya Bar Mini

Har yanzu in na ji ana kaɗa gwangwani da wani abu a ciki, sai in waiwaya. Haka 'ya'yan wasan ces ɗin Malam suke ƙara a cikin tsohon gwangwanin madara idan ya fito da su bayan la'asar, ya shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiyar da ke tsakanin gidanmu da nasu a unguwar Romi a Kaduna. Shekarar da sojoji suka miƙa mulki ce. Ina aji huɗu a sakandare, kowa yana maganar zaɓe da sabuwar gwamnati, ni kuwa hankalina yana kan wannan allo mai gidaje fari da baƙi.

Malam abokin aikin Babana ne a masaƙa a Kakuri kafin ya yi ritaya. Shi Musulmi, mu Kirista, kuma ko a kan allo ba su fasa tsokanar juna ba. Akwai ɗan wasa mai tafiya a karkace, Baba yana ce masa bishop, Malam ya ce liman ne.

"Limaminka ya shiga gonata," in ji Baba.

"Wa'azi ya zo yi maka, ka ƙyale shi," in ji Malam. "Shekara ashirin ina yi ba ka ji ba."

A gefensu na koyi wasan. Da Malam ya ga na iya, sai ya fara abin da ba na so. Kafin ya yarda mu buga, sai ya jera 'ya'ya biyar ko shida kawai a allo, ya ce, "To 'yar makaranta, ga tambaya. Fari zai kama sarki a taku biyu." Daga nan ya jingina da itace yana ɓare gyaɗa, ya bar ni da allon.

Ni wasa nake so, na gaske, da mutum a gabana. Ina son in ga fuskar abokin karawa ta sauya lokacin da na cinye masa sarauniya. A makaranta ni kaɗai ce mace a cikin masu bugawa, kuma duk ranar da na ci wani yaro sai labarin ya zagaye aji. Tambayar Malam kuwa babu mai tafa maka. Kuma tun farko an gaya maka akwai amsa, tana nan a gabanka, saboda haka in ba ka gan ta ba, babu wanda za ka ɗora wa laifi. In wasa ne, sai in ce an buga ƙararrawa, ko surutu ya yi yawa.

"Malam, mu buga kawai mana."

"Kina son biki, ba kya son daka," ya ce, yana dariya. "Duba dokin nan da kyau."

Nakan duba ɗan lokaci, sai idona ya tafi kan inuwar ganye da ke rawa a tabarma, in fara tsara waƙa a zuciyata. A ƙarshe ya gaji ya nuna mini, mu buga, ya cinye ni.

Shekara ba ta cika ba garin ya rikice. Ba zan ba da labarin kwanakin nan ba; duk wanda ya zauna a Kaduna ya san su. Da abin ya lafa, mutane suka fara ƙaura, Kirista su tsallako kogi, Musulmi su tsallaka. Malam ya samu gida a Tudun Wada. Ranar da akori-kura ta zo kwashe kayansu, Mama da Hajiya, matar Malam, suka rungume juna a ƙofar gida suna kuka. Baba ya kama ɗaure katifa da igiya, ya ƙi ɗaga kai.

Malam ya kira ni gindin dalbejiya. Ya miƙa mini allon da gwangwanin, da wata takarda da ya yago daga littafin rubutu. Ya zana gidajen allo da biro, ya rubuta sunan kowane ɗa a gidansa.

"Taku biyu," ya ce. "Ba zan gaya miki amsar ba. In kin samo, ki sa Babanki ya kawo ki, ki faɗa mini da bakinki."

Na ce to. Na sa takardar a cikin littafin waƙoƙin coci, na ce gobe.

Goben ta yi ta matsawa. Allon dai na yi amfani da shi sosai, na kai shi makaranta, na buga da duk wanda ya yarda. Takardar ce ban taɓa jerawa ba. Ina tsoron in zauna a kanta in kasa. Na ɗauka tambayar bankwana dole ta fi duk na baya wuya, kuma ina jin kunyar in je masa hannu wofi. Sau biyu Baba ya shirya zai je gaishe shi, ya tsaya a ƙofa yana gyara hula.

"Kin warware abin Malam?"

"Saura kaɗan, Baba."

"Saura kaɗan ɗin nan naki ya fi titin Abuja tsawo. Zo mu je haka nan."

Na ƙi. Na ce sai wani zuwan. Da ya dawo ya ce Malam ya tambaye ni, ya kuma aiko mini da gyaɗa a ƙulle a leda. Na ci gyaɗar, na sake cewa gobe. A raina takarda ba ta zuwa ko'ina, kuma na ɗauka Malam ma haka.

Ina shekarar farko a jami'a Baba ya aiko cewa Malam ya rasu. Da na dawo hutu na ɗauko littafin waƙoƙin, na fito gindin dalbejiya da rana tsaka, na jera 'ya'yan yadda ya zana. Ban yi minti biyar ba na gani. A miƙa sarauniya dab da baƙin sarki, a bari a cinye ta, sai doki ya yi tsalle ya rufe. Ya taɓa nuna mini irinta, fiye da sau ɗaya ma. Na zauna ina kallon allon, na rasa yadda zan fassara abin. Na yi tunanin ko ya raina iyawata ne, ko kuwa rikicin ƙaura ya sa ya zana wadda ta fara zuwa masa.

Bayan shekaru da yawa, ina cikin motar Abuja, muka tsaya a Gonin Gora ɗaukar fasinja. Matar da ta shigo ta zauna kusa da ni ta yi ta kallona, can ta ce, "Ba ke ce 'yar makarantar Babanmu ba?" Babbar 'yar Malam ce. Muka gaisa, muka tambayi na raye da na mace. Na gaya mata zancen takardar, da yadda ta yi sauƙi.

Ta ce tana wurin lokacin da ya zana ta. Ya fara zana wata mai wuya, sai ya yage, ya ce wannan za ta jinkirta ni. Ya zaɓi mafi sauƙi a duk waɗanda ya sani, ya ce wa Hajiya ta soya gyaɗa, domin ranar Asabar zan zo.