Allunan Chiyaman Ayuba

Duk wanda ya zauna a unguwar Bukan Sidi ta Lafiya ya san Chiyaman Ayuba ba ya fara sana'a da kaya. Da allon sunan kamfani yake farawa. Ni ne kafintan da ke yanka masa katako, kuma da na shiga ajin yaƙi da jahilci, a jikin allunansa na gwada karatuna.

Ya karanta harkar kasuwanci tun yana saurayi. Da aka ba mu jiha a 1996 kowa ya ruga sakatariya neman kujera, shi kuwa ya rantse ba zai yi aikin albashi ba. "Oga Kafinta," in ji shi, "suna ne kasuwa. Kaya za su biyo baya."

Allo na farko: Kamfanin Fitar da Doya Ƙasashen Waje. Wallahi ko doyar da ake ci a gidansa, matarsa Maman Ladi ce ke sayowa! Sai ga wani manomi ɗan ƙabilar Tibi ya ga allo, ya tsaya da mota shaƙe da doya. Chiyaman ya ba shi kujera, ya yi ta yi masa bayanin yadda Turawa ke son doya har rana ta yi tsaka. Mutumin ya shanye kunun gidan, ya ce, "Oga, za ka saya ko ba za ka saya ba?"

"Muna kan bincike."

Da motar ta tafi ya juyo yana murna. "Ka gani? Allo ya kawo kwastoma!"

Da wayar hannu ta shigo Lafiya, ya sayi lema da tebur, na yi masa allon Cibiyar Sadarwa. Waya ce kawai babu. Wata tsohuwa ta zo za ta kira ɗanta a Kaduna. Ya ce, "Mama, faɗa mini saƙon, akwai direban da zai tafi gobe." Ta zage shi tas. Abin haushi, saƙon ya isa!

Babbar rigimar gidan a kan Ladi ce, 'yarsa tilo, wadda ita ma ta shiga foli, wato kwalejin fasaha, tana karanta kasuwanci. Kawunta ya yi alkawarin samo mata aiki a ma'aikata in ta gama. Uwar na so, Chiyaman ya ce sai bayan ransa.

"Baban Ladi, so kake ita ma ta ƙare da tarin katako a tsakar gida?"

"Wannan ba katako ba ne, madam. Kamfanoni ne da ba su farka ba."

Ana cikin haka malaminsu ya ce kowane ɗalibi ya yi nazarin wani mai sana'ar kansa. Ladi ba ta je da nisa ba, ta rubuta a kan ubanta, kuskure bayan kuskure, ta ci maki mafi yawa a aji. Na ɗauka zai yi fushi. Ina! Ya hau acaɓa ya zaga gari yana shela: "Yanzu a foli ana karanta ni!"

Na ce, "Chiyaman, ai cewa ta yi kada a yi irin naka."

"To da ban yi ba, me za su koya?"

Ya rasu da damina, Ladi na bautar ƙasa. Takardar aikin kawu ta zo, kowa ya ce magana ta ƙare. Ladi ta mayar da ita. Ta fara sayen agushi wurin matan garin Shabu, tana gyarawa tana niƙawa tana ƙullawa a leda, direbobi na kai mata Abuja. Babu allo, babu suna. Uwar ta yi kwanaki ba ta yi mata magana.

Sai da injin niƙa ya zama nata, ta ɗauki mata uku aiki, sannan ta zo shagona ɗauke da tsohon allon doya.

"Baba Kafinta, kaya sun iso. A juya bayansa a rubuta."

"Me zan rubuta, 'yata?"

"Chiyaman Ayuba da 'Yarsa."

Da hannuna na rubuta, a hankali, fenti na ɗiga. Allon yana nan a ƙofar shagonta.

Allah ya yafe masa, ya ba shi hutawa, ya tsare hannun Ladi. Amin.