Ranar da Manzo Ya Buɗe Rumbun Wanshi

In ka ji ana cewa Malam Manzo Tambara mutumin kirki ne, ka ce haka ne. In kuma ka ji wani ya ce marar kunya ne, shi ma kada ka yi mishi gardama, wataƙila ɗan garinmu ne. Ni Dodo, shekara ashirin da shida ina tuƙa shi cikin motocin porje, wato ayyukan ƙungiyoyin taimako, kuma taubashina ne, uwarshi da ubana ciki ɗaya. Abin da zan faɗi ba a bakin kasuwa na tsinto shi ba.

Garinmu Tudun Magagi, ƙauye ne a ƙasar Kurfai, in ka bar Filinge da hantsi a kan jaki ka isa kafin azahar. Ubanshi Tambara bai taɓa sa goshi ƙasa ba har ya mutu, al'adar kakanni yake bi, baƙin bunsuru yake yankawa kafin shuka. Da anka ce kowane gari shi ba da yaro ga lakwal, makarantar boko, maigari ya duba gidan da ba za a yi mishi tsiya ba, ya ce Tambara shi kawo ɗa guda. Ɗiya biyu maza ke gare shi. Ibrah babba, ƙaƙƙarfa, shi ke riƙe da gona. Manzo ƙarami, siriri, in ya ɗauki hauya sai ka ji tausayin hauyar. To wa za a bayar? Haka Manzo ya shiga boko, ba don an ga yana da kai ba.

Ya yi Filinge, ya yi Yamai, ya ƙetare ruwa, ya komo da gilashi a ido da wani karatu wai shi sosiyoloji. Na ce mi ke nan kuma, bawana? Ya ce ilimin zaman jama'a. Na ce amma an cuce ka, wanga ai kakarmu Muna ta fi ka saninshi, ita da ba ta taɓa ganin allo ba. Ya yi dariya ya ce gaskiyata. Anka ba shi koyarwa a jami'a, in an yi hutu kuma masu porje su ɗauke shi su aike shi ƙauyuka ya tambayo musu mi talaka ke so. Nan na samu shiga, don ya ce ba ya hawa motar wanda bai san rairayin Kurfai ba.

Aikinmu na farko babba shi ne na tamanin da huɗu, zamanin soja, shekarar da ruwa ya ɗauke hatsi na bunni. Anka ba Manzo takardar tambayoyi, anketi suke ce mata, a bi gida gida a tambayi maigida: hatsin da ke rumbunka wata nawa zai kai ka? Garuruwan da sunka fi rashi su za a sa cikin jerin taimako.

To ga abin da mai tsara takardar bai sani ba. Mutumin Kurfai ba ya cewa babu a bakin rumbunshi. Masu al'adar da sun ce wanda ya faɗi haka ya kori albarkar gona da bakinshi. Masu salla sun ce butulci ne ga Ubangiji. Ni kuwa na ce kunya ce tsagwaronta, don duka biyun abu guda suke yi. Rumbun namiji ko matarshi ba ta leƙa shi, balle baƙo. In ya ƙare sai maigida ya cusa kara a ciki don kada zana ta lotse, ya maida jinka, ya ɗaure, mai wucewa ya ga rumbu tsaye da cikinshi. Ga shi kuma lokacin mutum na ganin takarda da motar gwamnati sai bakinshi ya mutu. Kowa aka tambaya sai ya ce alhamdu lillahi, za mu kai damina.

Manzo ya san wanga duka, cikinshi aka haife shi. Amma sabon shiga aiki ne, an koya mishi a rubuta abin da mutum ya faɗi, kada a ƙara kada a rage. Ya rubuta. Tudun Magagi ba ta shiga jeri ba. Kafin sabon hatsi munka bizne yara goma sha ɗaya, rabin gari ya watse kudu. Ba wanda ya ce laifinshi ne, mutane sun ce kwana ne ya ƙare. Shi kaɗai ya ɗora wa kanshi, kuma bai sauke ba.

Daga nan ya canza hannu. In mun shiga gari ba ya fiddo takarda. Sai ya ce in kashe mota, mu zauna gindin itace da hantsi shina sauraron turame, gida nawa ake daka. Ranar Lahadi ya ja ni kasuwar Baleyara mu tsaya cikin rana shina kallon ko an fara sayar da awaki masu ciki. Ya riƙa jawo likitan dabbobi, da malamin gona, da ungozoma, ya ce kowa ido guda gare shi, sai an haɗa ake gani. Ƴan uwanshi malaman jami'a sunka riƙa yi mishi ba'a, wai Manzo ba shi da fage, kowace gona ya gani sai ya sa hauya. Ɗalibai kuwa ya kwaso su ya zuba min a bayan mota, ƴan birni masu tsoron ruwan rijiya, su yi ta amai a hanya ni ke wankewa.

Wallahi mun gaji. Soja su tafi, farar hula su zo, soja su komo, mu dai muna kan hanyar Filinge muna cin ƙura. Jami'a yau yajin aiki gobe an rufe. Rapor ɗin da ya rubuta, wato rahotannin bincikenshi, in an tara su sun kai tsayin ɗan maraƙi, na sha kai su biro, wato ofis, in ga an aza su bisa na bara, na baran ma ba a buɗe ba. Kowane sabon porje da sabbin mutanenshi, su zo da tambayar da anka yi shekara goma baya kamar su sunka ƙago ta. Wata rana na ce mishi, kai ba ka gajiya da zuba ruwa a rariya? Ya ce ya gaji tun tuni, bai dai san wani aikin ba.

Sai dubu biyu da biyar. Fara ta sauka shekarar da ta gabata ta share gonaki, ruwa kuma bai yi kirki ba. Wani porje ya ɗauki Manzo mai ba da shawara. Shugabar tawagar Madam Habsa ce, ƴar Yamai, mace mai kai, ba ta da mugunta. Gari arba'in ke hannunta, hatsin da ke akwai na goma sha biyar ne. Kafin mu zo an riga an aika samari da anketi, kuma tambayar nan ta tamanin da huɗu tana ciki, ko wasali ba a canza ba. Tudun Magagi ta fito cikin masu sauƙi.

Munka isa garin da hantsi. Na kashe mota. Shiru kake ji, ko turmi guda.

Manzo ya ce, "Madam, saurara. Gari mai gida tamanin, ba mai daka."

Ta saurara, ta ce, "Na ji, Malam. Amma shirun turmi ba ya shiga takarda. In na cire wani gari na sa naku, za a ce don garinku ne, kuma ba a yi ƙarya ba. Su da bakinsu sunka ce suna da na wata uku. Ka ba ni abin da zan gani da idona. La'asar za mu wuce."

Lokacin Ibrah shi ne babban gidan Tambara, dattijo mai furfura, shi ke tsayawa bayan liman. In ya ce babu, kowa zai ce babu. Manzo ya same shi a zaure, ni ina bakin ƙofa, ya durƙusa ya gaishe shi.

"Yaya, alfarma na zo nema. Ka faɗa wa matar nan gaskiyar rumbunka."

"Na faɗa wa yaranta. Alhamdu lillahi."

"Yaya, na shiga cikin gida. Anza na gani jiƙe a tukunyar Dijatu."

Anza ƴaƴan itacen daji ne masu ɗaci kamar maɗaci, sai an kwana uku ana jiƙa su ana zubar da ruwa kafin su ciwu, ba mai taɓa su sai yunwa ta kai wuya. Dijatu kuwa matar Ibrah ce. Amma sai Ibrah ya ce, "Sha'awa ce irin ta mata."

"Yaya, yara goma sha ɗaya munka bizne wancan karon."

Ibrah ya dube shi. Ya ce, "Biyu cikinsu ɗiyana ne, ba sai ka tuna min ba. Wanda ya ba da su shi ya karɓa. Rumbun Tambara bai taɓa zama wofi ba, kuma ba a bakina za a fara ji ba. Tashi ka ba baƙinka ruwa."

Manzo ya fito. Na ga ya nufi bayan gida inda tsani ke jingine, nan take na gane nufinshi. Na tare shi na ce, kai bawana, ka haukace? Wanga ba wasan taubashi ba ne, in ka hau ba ka da sauran gida a garin nan. Ya ce, "Na sani, Dodo. Kauce." Ya ɗauki tsanin ya wuce.

Rumbunan garin a fili suke, gabas da masallaci, na Ibrah ya fi kowane girma. Mutane na zaune ƙarƙashin bagaruwa kewaye da Madam. Tsoho mai shekara hamsin da bakwai, da gilashi, da takalmin birni, ya jingina tsani ya hau. Wani ya ce subhanallahi. Ya kwance igiya, ya tura jinka ta faɗi. Ya sa hannu ya jawo damin kara ya jefo ƙasa. Ya jawo wani. Ya yi ta jefowa, kara, kara, kara, ko zangarniya guda babu, har ya kai ga ƙaiƙayi da kashin ɓera. Sannan ya ce, "Madam, zo ki gani da idonki."

Ta hau, ta leƙa, ta sauko. Ta dubi sauran rumbunan ta ce, "Duka haka suke?" Ba namijin da ya ɗaga kai. Wata tsohuwa ce daga bayan zana ta ce, "Ƴar nan, na Ibrah ne ya fi daɗewa bai ƙare ba."

Ibrah na tsaye bakin masallaci, ya ga kome. Bai yi zagi ba, bai ɗaga sanda ba. Ya zo ya duƙa ya riƙa tattara karan nan ɗaya ɗaya, shina jerawa gefe, mutane na kallo. Ban taɓa ganin abin da ya ƙona min rai kamar wannan ba, kuma na rasa wa zan ji wa haushi.

Bayan kwana goma sha biyu kamiyo, babbar mota, ya zo da hatsin taimako. Shekarar ba mu bizne yaro ko guda don yunwa ba. Ɗiyana sun ci hatsin nan, ni ma na ci, kuma ina ci ina cewa Manzo bai kyauta ba. Haka duk garin. Mu mutane ba mu da ta ido, ba mu da godiya, Allah dai shi gyara mu. Dijatu ce ta fito karɓar rabon gidansu, da mayafi har ƙasa.

Bayan damina Manzo ya ce in kai shi ya ba da haƙuri. Na zaci Ibrah zai kore shi, da ma ya yi hakan da ya fi sauƙi. Sai ya sa anka shimfiɗa sabuwar tabarma a zaure, anka kawo ruwa a kwanon baƙi. Ya kira shi Mushe, yadda ake kiran baƙon ma'aikaci da Faransanci. Ya ce, "Sannu da zuwa, Mushe. Ya hanya? Ya mutanen Yamai?" Manzo ya ce, "Yaya, ka yafe min." Ibrah ya ce, "Ai ba kome tsakaninmu, Mushe, aikinka ka yi." Anka kawo fura, ya sha. Ibrah ya rako shi har mota, kamar yadda ake yi wa babban baƙo. Cikin gidan da anka yanke mishi cibi kuwa, bai ƙara wuce zaure ba.

Shekara tara haka. Kowace salla mu zo, tabarmar nan, kwanon nan, sannu da zuwa Mushe. Manzo ya ci gaba da koyarwa har ya yi ritaya. Ɗalibanshi sun gaya min kowace shekara sai ya ba su labarin wani mai bincike da ya buɗe rumbun wani dattijo, ya tambaye su ko ya yi daidai. Su yi ta gardama har lokaci ya ƙare, shi ba ya raba musu, kuma bai taɓa gaya musu ko wane ne ba. Da ya bar aiki ya kama ɗan gida a Filinge, kusa da gida amma ba gida ba.

Ranar da Ibrah ya rasu ni na kai mishi labari, ni na tuƙa shi. Mun samu an dawo daga maƙabarta, an zauna karɓar gaisuwa. Ka san yadda ake yi, dangin mamaci gefe guda, masu zuwa ta'aziyya gefe guda. Mamman, babban ɗan Ibrah, ya taso da ladabi ya karɓi Manzo hannu biyu. Na ga Manzo ya nufi wajen dangi. Mamman ya ɗan sha gabanshi, kanshi ƙasa, ya ce, "Baba, ga wurinku nan," ya nuna mishi tabarmar baƙi.

Jinina ya hau, na buɗe baki zan yi tsiya. Manzo ya riƙe min hannu. Ya cire takalmi ya zauna inda anka nuna mishi, cikin mutanen Tabla da na Baleyara. Anka yi fatiha. Ya tashi ya bi layi, ya miƙa wa ɗiyan wanshi hannu ɗaya bayan ɗaya, ya ce musu Allah shi ba ku haƙuri, kamar yadda kowa ya ce.