Jan Fentin da Na Shafa wa Itatuwa

Ban taɓa mantawa da ranar da na saddaƙar cewa gawata za a mayar Daura ba. Lokacin ina ƙaramin malamin daji, an sa ni a wani shiri da ƙasashen duniya suka haɗu suka tsara don tare hamada. Tsarin shi ne, duk manomin da ya bar itatuwa suka girma a gonarsa, a ƙidaya su, a aika rahoto, a tallafa masa. Ogana ya tura ni wani ƙauye kusa da Kongolam, ya ce duk itacen da na ƙidaya in shafa masa fenti don kada in maimaita.

Da yake rawar kai na ɗibana, ko gidan mai gari ban bi ba. Na ɗauki fentin da na tarar a ofis, ja ne, na wuni ina shafa wa gawo da aduwa da kanya.

Washegari da hantsi na koma in ƙarasa. Tun daga nesa nake jin ƙarar sara. Ina shiga gonakin sai ga maza ko'ina, kowa da gatari, suka tare ni gaba da baya. Na kashe babur. Wallahi kalmar shahada na fara yi a zuci. Ga hannun rigata duk fenti, balle in ce ba ni ba ne.

Wani dattijo mai suna Malam Ilu ya matso, gatari a kafaɗa.

"Kai ne mai fentin?"

"Ni ne, Baba."

"Wato gonakinmu na gado kuka zo karɓewa ko?"

Na ce ban gane ba. Ya ce a zamanin mahaifinsa da jan fenti aka shata iyakar gandun daji, aka tashi mutane daga gonakinsu. Shi ya sa tun da safe suka hau sara. "In babu itace, sai mu ga abin da gwamnati za ta kewaye."

Na rantse, na sake rantsewa, ba wanda ya sauke gatari. Sai da mai gari ya iso ya riƙe hannuna, ya sa na yi bayani dalla-dalla, sannan aka buɗe mini hanya.

Malam Ilu ya dubi wani ƙaton gawo kwance a gonarsa, ya ce, "To ɗan nan, wannan fa wa zai tayar mini da shi? Tun yana tsiro ubana yake rainonsa."

Kunya ta rufe ni.

Don haka, ku sabbin shiga aikin daji, komai kyawun tsarin da aka rubuto daga waje, ku fara zama a tabarmar mai gari ku tambayi abin da aka taɓa yi wa mutanen wurin. Ni tare hamada aka tura ni, amma ban taɓa ganin hamada ta kayar da itatuwa yawan waɗanda na sa aka sare a safiya ɗaya ba.